Ludayin silikon a madadin na roba: wanne za a saya, wanne za a bari?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan kayan juya girki. Ludayana da cokulan suyana duk na baƙar roba ne, kuma bakinsu ya fara cinyewa: wani ya yi kaushi, wani gefensa ya naɗe saboda zafin kasko. Abin da ya dame ni shi ne, ɗan abin nan da ya ragu a bakin cokalin ba iska ce ta ɗauke shi ba, cikin abincin da yarana suka ci ya tafi. Ina so in sauya su da na silikon, amma da na duba sai na ga iri-iri: mai hannun katako, mai hannun ƙarfe, wanda aka zuba shi gaba ɗaya daga baki har mariƙi, ga kuma saiti mai guda goma sha biyu a cikin kofi. Waɗanda suka yi aiki da su, me ya kamata in duba kafin in saya? Kuma da gaske ya fi roba, ko dai daɗin bakin masu talla ne?

Anti Larai:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ya fi roba, babu tantama. Na jima ina aiki da shi a tukwanen nonstik, masu rufin nan da ke hana abinci kamawa. Ba ya kankare rufin tukunya, ba ya narkewa in kin jingina shi a gefen kasko kin juya ɗauko gishiri, kuma yana sharce kwano tas, ba ya barin kwaɓi a jiki. Sai dai ki guji saitin nan mai tarin yawa. Rabin abin da ke ciki ba za ki taɓa shi ba, kuma a irinsu ne aka fi rage inganci don a cika adadi.

Baban Sadik:
Ku yi haƙuri in sa baki. Ni fa ban gamsu ba. Silikon ɗin nan ai shi ma roba ne, launi kawai aka ƙawata masa. Kar a yi gudun gara a faɗa gidan zago. A da an ce mana robar nan ba ta da wata illa, yanzu an dawo ana cewa a zubar. Wa ya ba mu tabbacin nan da 'yan shekaru ba za a ce a zubar da silikon ɗin ba?

Malama Hadiza:
Tambayarka tana kan hanya Baban Sadik, amma ba abu ɗaya ba ne. Kimiyyar sinadarai nake koyarwa, bari in ɗan warware. Robar da muka saba da ita daga man fetur da iskar gas ake samo ta, kuma sarƙoƙi ne na kabon. Silikon kuwa tushensa silika ce, wadda ke cikin yashi da farin dutse. Ana dafa ta da gawayi a tanderu mai tsananin zafi, a fitar da sinadarin da ke cikinta, a sarrafa shi har a sami dogayen sarƙoƙi waɗanda oksijin ke riƙe da gaɓoɓinsu. Wannan haɗin ya fi na kabon jure zafi nesa ba kusa ba. A wurin ƙira kuma ana ɗaure sarƙoƙin da juna, shi ya sa ba ya narkewa ya zama ruwa. In zafi ya fi ƙarfinsa sai dai ya bushe ya tsattsage, in ya kama da wuta ya bar farar toka.

Ba sabon abu ba ne kuma. Tun shekarun 1940 ake yin sa a masana'antu, kamfanin Dow Corning da ya yi fice a kansa a 1943 aka kafa shi. Da shi ake yin kan fidar jarirai da bututun da ake sa wa marasa lafiya a asibiti. Amma kar kowa ya ji an ce "daga yashi" ya ɗauka abin tsirowa yake yi daga ƙasa. Kayan masana'anta ne, akwai mai kyau akwai marar kyau.

Ga alƙaluman da suka shafi mai girki. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas. Man suya yana kaiwa 170 zuwa 190. Kaskon da aka bari a kan wuta babu komai a ciki yana iya haura 250 cikin 'yan mintuna. Robar da ake wa alamar PP tana narkewa a wajen 160. Nailan, wanda da shi ake yin yawancin baƙaƙen ludayan nan, wani nau'insa yana narkewa a wajen 220, wani a wajen 260, amma tun kafin ya kai can yake fara laushi. Silikon mai kyau kuwa ana aiki da shi lafiya a 220 zuwa 230 bai sauya ba. To Maman Ilham, ba miya ce ta cinye bakin cokalinki ba, ƙasan kaskon ne.

Ummu Yasir:
Ni labarin baƙar robar ne ya sa na kwashe nawa daga kicin. A 2024 wata ƙungiya a Amurka mai suna Toxic-Free Future, tare da masu bincike na wata jami'a a ƙasar Holan, sun gwada kayan baƙar roba guda 203, ciki har da ludaya da kayan wasan yara da robobin zuba abinci. A cikin wasu suka sami sinadaran hana kamawar wuta, irin waɗanda ake sa wa a jikin talabijin da kwamfuta. Ke nan ana niƙe tsofaffin kayan lantarki a sake narkawa, wani kaso ya ƙare a cikin tukunyar mutane. Tun da na karanta wannan hankalina bai sake kwanciya da su ba.

Malama Hadiza:
Haka ne Ummu Yasir, amma labarin yana da ci gaba, kuma ya kamata a faɗe shi. A lissafinsu sun ce mai girki da irin wannan ludayi zai iya cin nanogiram 34,700 (nanogiram ma'aunin nauyi ne ɗan mitsitsi) na ɗaya daga cikin sinadaran a rana, suka ce iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta gindaya wa mutum mai nauyin kilo 60 ita ce 42,000, wato saura ƙiris a kai. Ashe iyakar 420,000 ce, sifili ɗaya ne ya faɗi a wurin ninkawa. A watan Disamba na shekarar aka buga gyara. Da sabon lissafin, abin bai kai kashi 10 cikin 100 na iyakar ba.

Sai dai gyaran lissafi bai cire sinadarin daga cikin ludayin ba. Wanda aka fi magana a kansa, decaBDE, tun 2017 aka sa shi a jerin sinadaran da Yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya ta ce a daina yi, saboda ba ya ruɓewa kuma yana taruwa a jikin mutum da dabba. Ko kaɗan ne ba shi da abin yi a cikin abinci.

Baban Sadik:
To kun ji. An tayar wa duniya da hankali a kan kuskuren sifili ɗaya, mutane sun zubar da kayansu, masu sayar da silikon sun ci kasuwa. Irin wannan ne yake sa ni ja da baya.

Malama Hadiza:
Da a ce wannan binciken ne kaɗai hujja, da na bi bayanka. Amma tun kafinsa akwai magana. A 2019 hukumar tantance haɗurra ta Jamus, BfR, ta fitar da sanarwa a kan ludayan nailan. Ta ce wasu ƙananan sinadarai da suka rage tun daga wurin ƙira suna fita su shiga abinci mai zafi, ta ba da shawarar a taƙaita haɗuwarsu da abincin da ya haura digiri 70. Ka duba da kyau, 70 fa, ruwa ma bai tafasa ba. Haka hukumar ta faɗa a kan kayan melamin, robar nan mai tauri da sheƙi: in zafi ya wuce 70 tana sakin melamin da fomaldihayid, don haka ba ta dace da dahuwa ko suya ba. Tarayyar Turai ma tun 2011 ta kafa doka ta musamman ta binciken kayan kicin na nailan da melamin da ake shigowa da su daga ƙasar Sin, saboda yawan waɗanda ake kamawa sun wuce ƙa'ida. Waɗannan babu mai sayar da silikon a bayansu.

Hajiya Babba:
'Ya'yana, ina jin ku. Ni dai har gobe ban ga abin da zai raba ni da cokalin katako ba. Ba ya narkewa, ba ya ɗaukar zafi ya ƙona hannu, ba ya kankare tukunya, kuma in ya tsufa ka san abin da ka jefar. Kuna ta ƙidayar digiri alhali maganin yana hannunku tun tuni.

Ƙanwarku Safiya:
Hajiya, katako fa yana shan ruwa da mai. Ni abin da nake tsoro ke nan, musamman in an juya ɗanyen nama da shi.

Hajiya Babba:
'Yata, wanda aka bari a jiƙe cikin ruwan wanke-wanke shi ne yake tsagewa ya tara datti. Ki wanke shi da zarar kin gama, ki tsayar da shi inda iska za ta busar da shi, lokaci-lokaci ki shafa masa ɗan mai. In ya tsage kuwa ki rabu da shi, kar ki ji tausayinsa. Na ɗanyen nama ki ware masa nasa daban. Abu ɗaya zan ja kunnenku a kai: akwai waɗanda ake cewa na gora ne, alhali garin gora ne aka kwaɓa da robar nan ta melamin da Malama ta ambata. In ba ki ga zanen itace a jikinsa ba, ya yi santsi sumul mai launi, to ba katako ba ne.

Yaya Bala:
Girki a gidan abinci shi ne sana'ata, kuma ina ganin an fara tambayar daga gurguwar hanya. Kafin a ce wane ludayi, a fara cewa wace tukunya. In tukwanenki na ƙarfe marar tsatsa ne ko na baƙin ƙarfe, ba ki da buƙatar silikon wurin suya. Cokalin ƙarfe ya fi komai a nan: bakinsa siriri ne, yana shiga ƙarƙashin kifi ko ƙwai ya ɗago shi bai farfashe ba, yana kankare abin da ya kama a ƙasa, kuma zai yi shekaru bai nuna gajiya ba. Silikon bakinsa kauri gare shi, sau da yawa tura ƙwan yake yi gaba maimakon ya shiga ƙarƙashinsa. Matsamin da za a riƙa tsoma wa cikin mai mai zafi shi ma na ƙarfe ya kamata.

Inda silikon ba shi da na biyu wuri uku ne. Tukunyar nonstik, wadda ƙarfe ke yi wa illa. Sharce kwaɓi daga kwano. Sai juya abu mai kauri da ke son kamawa a lungun tukunya, domin yana lanƙwasa ya bi kwanar da katako ba ya shiga. Saboda haka Maman Ilham, ba kicin ɗin gaba ɗaya za ki mayar silikon ba. Abin sharcewa guda, cokali mai ɗan zurfi guda, abin juya suya guda in kina da kaskon nonstik. Sauran aikin katako da ƙarfe sun ishe ki.

Maman Ilham:
Na gode Yaya Bala, wannan ya rage mini nauyi. Tukwanena gauraye ne, akwai nonstik akwai na ƙarfe. To a cikin ukun nan, mai hannun katako zan ɗauka? Su suka fi kyau a ido.

Ƙanwarku Safiya:
Anti, don Allah kar ki ɗauki mai kan da ake cirewa. Ina da irinsa, da na zare kan daga jikin katakon sai na tarar da baƙin datti da ruwa kwance a cikin ramin, katakon ma ya fara ruɓewa ta wurin. Daga waje fes yake, ba za ki taɓa zato ba. Duk lokacin da aka tsoma shi a tukunya, ruwan ramin nan yana komawa cikin abinci.

Anti Larai:
Gaskiyar Safiya. Wanda aka zuba gaba ɗaya, babu gaɓa babu mahaɗi, shi ne na saye. In kuma mai kan cirewa ne ya riga ya shigo hannu, sai an riƙa zare shi a kowane wanki, a bar kowane ɓangare ya bushe kafin a mayar. Mutum nawa ne za su jure wannan kullum?

Yaya Bala:
Ku ƙara da abin da ke cikinsa. Silikon shi kaɗai laushi gare shi, ba zai iya ɗaga abu mai nauyi ba, don haka ana sa masa wani abu mai tauri a ciki. Wasu ƙarfe ne, wasu nailan. Mai ƙarfe ya fi nauyi a hannu kuma ba ya karyewa. Mai nailan a ciki, in ya daɗe a zafi yana iya lanƙwashewa ya ƙi komawa daidai, kuma ranar da fatar ta yage kin koma kan robar da kika gudu. Ki riƙe shi ki ɗan lanƙwasa mariƙin: ya kamata ya yi tauri, bakin ne kawai zai yi laushi. Ki shafa gefen bakin ma. In kin ji wani siririn zare-zare ya fito a inda aka haɗa ƙirar, aikin gaggawa ne, kuma wannan zaren shi zai fara gutsurewa.

Ummu Yasir:
Akwai gwajin da ake yaɗawa: a murɗe silikon ɗin ko a matse shi da yatsu, in wurin ya yi fari to an cakuɗa shi da wani abu, in bai sauya launi ba tsantsa ne. Ni da shi nake amfani.

Malama Hadiza:
Gwajin yana ɗan taimakawa, amma kar a dogara da shi. Babu silikon ɗin girki da ba a ƙara masa komai ba, ko mafi tsada ana sa masa lallausan garin silika don ya yi ƙarfi, in ba haka ba yagewa zai yi. Farin da ke fitowa yana iya nuna an cika shi da gari mai araha don a rage kuɗin ƙira, wannan gaskiya ne. Amma wanda bai yi fari ba, hakan bai gaya miki komai a kan abin da ya fi muhimmanci ba, wato yadda aka gasa shi.

Hanya biyu ake bi wurin ɗaure sarƙoƙin nan. Ɗaya da ƙarfen filatinam, wadda ba ta barin saura. Ɗaya da sinadarin ferokzayid, wadda ta fi araha amma tana barin ragowar sinadarai. Bayan an fitar da kayan daga ƙira, ya kamata a sake gasa su, galibi awa 4 a digiri 200, don abubuwan da ke tashi da zafi su fice tun a masana'anta. Wannan gashi na biyu yana cin lokaci da wuta, kuma shi ne abin da mai son rage kuɗi yake tsallakewa. Ƙa'idar Jamus ta ce abin da zai tashi daga jikin silikon ɗin abinci kar ya wuce kashi 0.5 cikin 100 na nauyinsa. A gida, hancinki ya fi yatsunki amfani. Silikon da aka gama da kyau kusan ba shi da wari. In kin buɗe leda wari mai hawa kai ya buge ki, ki ajiye.

Baban Sadik:
Malama, ga shi da bakinki kin ce shi ma yana sakin wani abu. Me ya rage na magana ta?

Malama Hadiza:
Rabin maganarka yana nan daram, ban musa ba. Abin da yake saki ana kiransu silokzen, ƙananan zobba ne da ba su shiga sarƙar ba. Uku daga ciki, D4 da D5 da D6, hukumar sinadarai ta Tarayyar Turai ta sa su a jerin abubuwan da ake matuƙar sa wa ido a 2018, saboda suna daɗewa a muhalli suna taruwa a jikin halittu, D4 kuma ana zarginsa da taɓa haihuwa. Abu uku ke ƙara fitarsu: zafi, maiƙo, da tsawon lokaci. Kuma a amfanin farko-farko suka fi fita.

A nan ne ludayi ya bambanta da mazubin gashi. Ludayi shiga yake ya fita, 'yan daƙiƙu ne. Mazubin kek kuwa yana zama a obin minti 40 ko awa guda, a zafi mai yawa, manne da kwaɓi mai mai. A 2022 ƙungiyoyin kare masu saye na Turai sun gwada irin waɗannan mazubai guda 44, kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun saki abubuwa da yawa, ko kuma abin da suke saki ya riƙa ƙaruwa maimakon ya ragu. Don haka a ra'ayina, ludayin silikon mai kyau ya fi na nailan kwanciyar hankali a kasko mai zafi. Mazubin gashi kuwa, ni na ƙarfe ko na gilashi nake zaɓa.

Ummu Yasir:
Wannan ta taɓa ni, domin gashin kek nake yi kuma ina da mazuban silikon da yawa. Kek ba ya kamawa a jikinsu, shi ya sa nake son su. Zubarwa zan yi?

Malama Hadiza:
A'a. Waɗanda kin daɗe kina gashi da su, in ba sa wari ba sa danƙo, mafi yawan abin da zai fita ya riga ya fita. Sababbi ne za ki wanke, ki sa su a obin babu komai a ciki a digiri 200 na awa guda ko fiye, tagogi a buɗe, ki sake wankewa. Kar ki wuce zafin da aka rubuta a jikinsu, kar ki kusantar da su da wutar sama ta obin, kar kuma ki yanka kek da wuƙa yana ciki. Wannan gashin na mazubai ne zalla, ba a yi wa ludayi mai katako ko mai nailan a ciki.

Maman Ilham:
To rubuce-rubucen jikin kwali fa? Na ga wani an rubuta babu BPA, wani FDA, wani LFGB, wani kuma 450 da babban rubutu. Wanne ne abin dubawa?

Anti Larai:
Na 450 ɗin nan ki kula da harafin da ke gefensa. In F ne, ma'aunin Amurka ne, 450 a can daidai yake da wajen 230 a Salshiyas. Mutane da yawa suna gani su ɗauka ko a cikin garwashi za a iya sa shi. Wanda kuma ba a rubuta iyakar zafinsa ba sam, ni ba na saye.

Malama Hadiza:
Maganar babu BPA ba ta ƙara komai ba, domin BPA wani sinadari ne da dama ba a yin silikon da shi, a wata roba mai tauri mai kama da gilashi da kuma rufin cikin gwangwanaye yake. FDA hukumar abinci da magunguna ce ta Amurka. Tana da ƙa'idar abin da ya halatta a sa a irin waɗannan kaya, amma ba ta bin kowane ludayi ta gwada ta ba shi takarda, mai ƙira ne yake cewa ya bi ƙa'idar. LFGB dokar abinci ce ta Jamus, gwajin da ake yi a ƙarƙashinta ya fi tsauri, har da na wari da ɗanɗano da wancan kashi 0.5 ɗin. Alamar kofi da cokali mai yatsu tana nufin an yi kayan don taɓa abinci. Duk da haka tawada ce a kan kwali, kowa yana iya bugawa. Abin da ya fi ba ni natsuwa shi ne in ga cikakken sunan kamfani da adireshinsa, da iyakar zafi, da bayanin abin da ke cikin mariƙin. Wanda ya ɓoye sunansa, ba zan yarda da alamominsa ba.

Ƙanwarku Safiya:
Ba wanda ya yi maganar wari. Nawa yana riƙe ƙarnin kifi da warin tafarnuwa, wani lokacin har ɗanɗanon sabulu nake ji a abin da na juya da shi. Tumatir da kurkum kuma sun rina shi.

Yaya Bala:
Wannan halinsa ne, ko mai tsadar yana yi. Silikon yana son maiƙo, kuma wari a cikin maiƙo yake zama. A wurin aiki raba su muke yi da launi: na kayan zaƙi daban, na albasa da kifi daban, ba sa haɗuwa. Wurin wanki ruwa mai zafi sosai da sabulu marar turare, domin turaren sabulun ne kike ji a baki. In warin ya ƙi fita, ki kwaɓa bekin soda da ɗan ruwa ki shafe shi ya kwana, ko ki tafasa shi a ruwa da lemun tsami. Rinin kurkum in kin shanya a rana yana dusashewa, kuma rini ba illa ba ne, ido kawai yake damu. In kina gudunsa ki sayi ja ko mai duhu. Kar dai ki sa masa soson ƙarfe.

Hajiya Babba:
To in ya tsufa fa, ina za a kai shi? Katako dai ƙasa tana cinye shi.

Malama Hadiza:
Nan kam Hajiya kin fi mu hujja. Silikon ba ya ruɓewa, kuma wuraren da ke sake sarrafa roba galibi ba sa karɓarsa, sai 'yan kamfanoni ƙalilan na musamman. Amfaninsa ga muhalli ɗaya ne, ya daɗe bai lalace ba har ya hana a sayi na roba sau da yawa. Wanda ya sayi saiti marar inganci ya zubar bayan shekara bai rage komai ba.

Baban Sadik:
A kan guda biyu ko uku saboda nonstik, na yarda. Amma ni da za a bi tawa, tukunyar nonstik ɗin ce za a fara sallama, sai buƙatar silikon ɗin ta tafi da kanta. Rufin nata ma ai an ce in zafi ya wuce digiri 260 lalacewa yake fara yi yana hayaƙi.

Yaya Bala:
Wannan adadin daidai ne, shi ya sa ba a barin ta a wuta babu komai a ciki. Amma ko ka sallami nonstik, abin sharce kwano zai ci gaba da zama a kicin, katako da ƙarfe ba sa wannan aikin.

Maman Ilham:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan nemi guda uku, zubin gaba ɗaya, masu ƙarfe a ciki, in ƙara cokulan katako biyu da matsamin ƙarfe. Saura tambaya biyu: tsofaffin na robar duk zubarwa zan yi? Kuma yaya zan gane silikon ɗin ya gama aiki, tun da an ce ba ya narkewa?

Anti Larai:
Waɗanda bakinsu ya cinye ko ya yi kaushi ki fitar da su daga harkar abinci gaba ɗaya, domin ɓarɓashi za su ci gaba da zubarwa ko a abu mai sanyi. Masu lafiya za su iya ɗibar busassun kaya kamar gari ko sukari, ba dai tukunya ba. Shi kuma silikon, ki riƙa duba bakinsa a haske kina ɗan ja da yatsu. In kin ga tsaga, ko wani wuri ya gutsure, ko ƙarfen ciki ya leƙo, ya gama. Haka in ya bushe ya yi tauri a gefe, ko kin wanke shi da ruwan zafi da bekin soda amma washegari danƙon ya dawo, wannan daga cikinsa yake fitowa, ba maiƙon girki ba ne. Abin da ya fi saurin kashe shi kuwa wuƙar injin markaɗe ce da bakin gwangwanin da aka buɗe, don haka in za ki sharce ɗayansu ki bi a hankali, injin kuma ki tabbatar kin zare shi daga wuta tukuna.